Mai Alƙalami a Bakin Kotu

Jama'a masu sauraro, na cikin garin Birniwa da na Kupsa, Diginsa, Kazura da Karanka, da waɗanda muryarmu ke kai musu a Malam Madori, Kirikasamma, Guri da Haɗeja, har da maƙwabtanmu na Nguru da Machina. Ga shirinmu na faɗakarwa.

Yau hirarmu a kan wani irin rubutu ce da bai yi ƙarfi a Hausa ba tukuna, amma yana tafe. Shi ne littafin da ke ba da labarin laifin da ya auku da gaske, kisa ne ko fashi, satar shanu ko damfara ko garkuwa da mutane, a rubuta shi da sunan gari da ranar da abin ya faru da hukuncin da alƙali ya yanke. Matasanmu da yawa, maza da mata, yanzu a waya suke rubutu suna rabawa ta WhatsApp da Facebook, kuma wasunsu sun fara leƙa wannan fage. Da su nake magana yau, da kuma iyayensu, da duk wanda wata rana labarin gidansa zai iya faɗawa hannun mai rubutu.

Mu ɗauki misalin da kowa a nan ya sani. A ce an kore wa wani makiyayi shanu da daddare a wani ƙauye da ke kusa da iyakar Yobe. Da asuba an bi sawu, an sanar da bulama, 'yan sintiri sun fita. Kafin azahar labari ya isa tasha, shanu bakwai sun zama ashirin. Kafin la'asar an ce ɓarayin da bindiga suka zo, alhali sanda ce da adda. Ranar kasuwar Kupsa kuwa, a karar shanu, tsakanin dillalai da masu shayi, an riga an kama sunan wani an ce shi ne ɗan leƙen asirin ɓarayin, saboda kawai an gan shi da sabon babur. Bayan wata uku aka kama mutum biyu, aka kai su kotu a Haɗeja, aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Ranar da aka yanke hukunci babu kowa a kotun sai mai shanun da ƙaninsa. Ƙarshen maganar bai koma kasuwa ba. Shi kuwa mai sabon babur har yau ana nuna shi da baki.

Wannan giɓi, tsakanin abin da aka ji ranar farko da abin da ya tabbata a ƙarshe, shi ne wurin aikin marubucin da nake magana a kansa. Kuma ina ganin muna da buƙatarsa ƙwarai, domin mu mutane ne masu saurin jin farkon labari, masu saurin mance ƙarshensa.

Kada a ɗauka baƙon abu ne a ƙasar Haɗeja. Babban labarin da dattawanmu suka fi bayarwa, labarin Sarki Buhari ɗan Sambo, da kisa ya fara. Ya hau gadon sarauta a 1848, aka kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, aka ɗora alhakin a kansa. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko da Waziri Abdulƙadir aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya dawo ya ƙwace garin, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa a gamon Gaffur, ya ci gaba da mulki har ya rasu a fagen yaƙi da Badawa a Gogaram a 1863. To ku lura da wani abu. In ka ji labarin daga bakin mutumin Haɗeja, jarumi za ka ji wanda ya ƙi sunkuyar da kai. In ka ji shi daga Sakkwato ko daga garuruwan gabashin Kano da ya kai wa hari, ɗan tawaye za ka ji wanda ya ƙone gari ya kwashi bayi. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya ratsa ta Gumel a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya rubuta irin fargabar da sunan Buhari ke jefa mutane a ciki. Sai bayan fiye da shekara ɗari wani masani, Victor Low, ya zo ya zauna da dattawan Haɗeja da Katagum da Gombe ya ɗauki bayanansu, ya gwama wannan da wancan, ya fitar da littafinsa a 1972. Aikin da ya yi shi ne ainihin aikin: ka ji kowane ɓangare, ka faɗi wa ya ce me, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu.

A Kano ma akwai abin koyi. Majalisar shari'a ta Sarki Abbas ta bar rubutattun ƙararraki da Larabci, na wajajen 1913 da 1914, na kisa da sata da rikicin gona da na gado. Wani masanin tarihi, Allan Christelow, ya fassara wasu daga ciki ya buga a 1994. Wanda ya duba su zai ga talakawa da sunayensu da ƙauyukansu, wa ya kawo ƙara, wa ya yi shaida, wa aka rantsar. Magatakardan da ya zauna yana rubuta su bai san wani zai karanta bayan shekara tamanin ba, amma da bai rubuta ba da waɗannan mutane sun ɓace ɗungurungum.

Adabinmu na boko kuwa tun farkonsa bai guji laifi ba. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, da ya fito a shekarun 1930, labarin ƙiyayya ne da ramuwar gayya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya shiga duniyar 'yan ta'adda da makamai. Amma duk waɗannan ƙagaggu ne. Mai ƙagaggen labari yana da 'yancin ya sa ɓarawonsa ya faɗi abin da ya ga dama. Wanda ya ce labarinsa gaskiya ne ya sayar da wannan 'yanci tun daga bangon littafin. Ba shi da ikon ya ƙara ko da kalma ɗaya a bakin mamaci.

A nan ne wani shahararren marubucin Amurka ya yi tuntuɓe. A watan Nuwamba na 1959 aka kashe wani manomi da matarsa da 'ya'yansu biyu a ƙauyen Holcomb na jihar Kansas. Truman Capote ya karanta ɗan gajeren labarin a jarida, ya tashi daga New York ya tafi ƙauyen tare da abokiyarsa, marubuciya Harper Lee. Ya shafe kusan shekara shida yana bin maganar, yana hira da maƙwabta da 'yan sanda da su kansu makasan biyu a kurkuku, har aka rataye su a 1965. Littafinsa, In Cold Blood, ya fito a 1966, ya yi kasuwa, ya mai da shi attajiri, kuma har gobe shi ake fara ambata in ana zancen wannan fanni. Amma daga baya aka gano ya saka abubuwan da ba su faru ba, har da fitowar ƙarshe ta littafin, wadda ya shirya ta a maƙabarta don labarin ya ƙare da daɗi. Ni a ganina wannan tabo ne babba, komai daɗin alƙalaminsa. Mutum huɗu aka kashe, suna da dangi da ke raye, ba kayan ado ba ne da za a jera yadda zai burge mai karatu.

Wadda na fi so matasanmu su yi koyi da ita ita ce Ann Rule. Ta taɓa aikin 'yan sanda a birnin Seattle na ɗan lokaci, daga baya ta koma rubuta rahoton laifuka a mujalla don ta ciyar da 'ya'yanta. Shekara da shekaru tana sa hannu da sunan namiji, Andy Stack, saboda masu mujallar suna ganin ba za a yarda mace ta san aikin bincike ba. A 1971 ta yi aikin sa-kai a wani ofishi da masu damuwa ke bugo waya cikin dare a kwantar musu da hankali. Abokin aikinta a wurin wani ɗalibi ne mai fara'a da ladabi, Ted Bundy. Bayan 'yan shekaru ta karɓi kwangilar rubuta littafi a kan 'yan matan da ake ta kashewa a yankin, ba ta san cewa makashin shi ne wannan abokin aikin nata ba. Littafin, The Stranger Beside Me, ya fito a 1980. An zartar wa Bundy hukuncin kisa a 1989. Ita kuwa ta ci gaba har ta rubuta littattafai fiye da 30 kafin rasuwarta a 2015, kuma an san ta da zama a kotu tun daga buɗe shari'a har rufe ta, da zuwa gidajen iyayen waɗanda aka kashe. Ku duba tsawon hanyar: sama da shekara goma tana rubuta gajerun rahotanni da sunan da ba nata ba kafin littafinta na farko ya yi suna. Wanda ke son ya shiga wannan sana'a don ya yi suna a mako guda, ya nemi wata.

Mu dawo gida. A 2021 Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya gabatar da bincikensa mai suna I Am a Bandit, sakamakon kusan shekara goma yana bin diddigin 'yan bindigar Zamfara, har da shiga dazuka yana jin ta bakinsu. A 2022 gidan talabijin na Trust TV da sashen binciken BBC kowanne ya fitar da shiri a kan waɗannan 'yan bindiga, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanonin da suka nuna shirin BBC naira miliyan biyar-biyar, ta ce an ɗaukaka 'yan ta'adda. Aka yi ta muhawara. Wasu suka ce ba a maganin cutar da ba a san ta ba, wasu suka ce an ba azzalumi lasifika. Ni ina tare da masu cewa a yi binciken, domin rufe ido bai taɓa dawo da saniya ko ɗaya ba. Amma fargabar ɗaya ɓangaren ma ba ta banza ba ce, kuma mu Hausawa mun san ta tun kafin talabijin. Mun ji Gambu mai waƙar ɓarayi, mun ji yadda kiɗa da kirari ke mai da ɓarawo gwarzo a kunnen yaro, kuma shi kansa Gambun daga baya ya bayyana tubansa. Alƙalami ma yana iya yin wannan kiɗan. In mai karatu ya rufe littafinka yana sha'awar wayon ɗan fashin, ya mance sunan direban da aka harbe, to ka yi wa ɓarawo waƙa ne, ko ba ka yi niyya ba.

To, yaya ake aikin? A fara daga kotu, kada a fara daga majalisar shayi. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, sai in alƙali ya ce a fita saboda wani dalili. Ka je da littafin rubutunka da biro, ka zauna a bencin baya. Za ka ji an kira lambar ƙara, an karanta takardar tuhuma, an tambayi wanda ake tuhuma ko ya amsa laifinsa. Za ka ga mai gabatar da ƙara ya miƙa adda ko wayar salula a matsayin shaida, magatakarda ya liƙa mata lamba. Za ka ji lauya yana yi wa mai shaida tambayar ƙwaƙwaf: da ƙarfe nawa, akwai farin wata ko babu, ta yaya ka gane fuskarsa? A irin waɗannan tambayoyi ne labarin da aka sha bayarwa a gari yake tsayuwa ko ya rushe. In an yanke hukunci, ka rubuta takarda ga rajistaran kotu ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi, ka biya kuɗin da aka ƙayyade ka karɓi rasiɗi. Wannan takarda ita ce garkuwarka. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumomin gwamnati, su amsa cikin kwana bakwai, ko da yake ta ba su damar hana abin da zai ɓata binciken da ba a kammala ba. In tsohon labari kake bi, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Arewa House suna nan.

Sai kuma harshe. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Saboda haka wanda 'yan sanda suka jera gaban 'yan jarida da ankwa a hannu, wanda ake zargi ne. Ko an yanke masa hukunci, ka bincika ko ya ɗaukaka ƙara, domin sau da yawa kotun sama takan rushe hukuncin ta ƙasa, a sallami mutum ya dawo gida ya tarar da littafi na kiransa makashi. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa, akwai ɗauri akwai tara, ban da ƙarar neman diyya. A shari'ar Musulunci kuwa kowa ya san haddin ƙazafi bulala tamanin ne, kuma Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauke shi, don kada mu cuci bayin Allah cikin rashin sani. Wanda zai yi wannan rubutu a ƙasar Musulmi yana da hisabi biyu a gabansa.

Abin da ya fi damuna shi ne iyalan waɗanda abin ya shafa. Duk mun tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022, aka kuma gano cewa mai makarantar da take zuwa ne ya yi aika-aikar. Babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin rataya a watan Yulin 2022. Ƙasar nan gaba ɗaya ta girgiza. Amma ku tuna yadda hotunanta suka cika wayoyinmu, yadda aka riƙa tura wa mahaifiyarta makirufo tana kuka, yadda kowa ya zama mai sharhi. Don Allah wa ya tambayi iyayen ko sun yarda? Marubuci ya je gidan mamaci kamar yadda ake zuwa ta'aziyya: ya yi sallama, ya nemi iso ta hannun wani babba a dangi ko mai unguwa, ya faɗi ko shi wane ne da abin da zai yi da maganar, in an ce a'a ya yi addu'a ya tashi. Yaron da aka ci zarafinsa da macen da aka yi wa fyaɗe kuwa, ba a sa sunansu, ba a sa na unguwarsu, ba a sa wata alama da za ta sa a gane su. A gari irin Birniwa, in ka ce 'yar mai gyaran keke ta kusa da tashar jirgi, ka riga ka faɗi suna. Haka 'ya'yan mai laifin, su ba su yi komai ba, kuma gobe za su nemi aure a garin nan.

Mu zo kan sayar da littafin, tunda wanda ya sha wahalar shekaru yana da haƙƙin ya ci guminsa. Hanyar da aka saba ita ce taron ƙaddamarwa. A kama ɗakin taro a Haɗeja ko Dutse, a buga katin gayyata, a sa shugaban taro da uban taro da babban mai ƙaddamarwa, wani malami daga jami'ar Kafin Hausa ya yi sharhin littafin, sannan sanƙira ya riƙa shelar wane ya sayi kwafi goma a kan kaza, ana tafi. Ba laifi ba ne, da shi marubuta da yawa ke biyan bashin maɗaba'a, ko da yake duk wanda ya taɓa yi zai gaya maka alƙawarin da aka yi a lasifika daban, abin da ke shiga aljihu daban. Amma littafin da ke ɗauke da jinin mutane ba a ƙaddamar da shi kamar littafin soyayya. A bar kiɗa da raha. A gayyaci alƙali mai ritaya ko lauya ya yi sharhin, don a ji ko marubucin ya fahimci shari'ar. A sanar da iyalan tun kafin a buga kati, kada su ji a rediyo. Kuma a kula da wanda za a ɗora a kujerar babban mai ƙaddamarwa, domin in ɗan siyasar da ke da hannu ko buƙata a maganar ne ya sayi rabin bugun, mai karatu yana da dalilin ya yi shakkar abin da ke ciki.

Bangon littafi ma talla ne, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Hoton gawa da jini yana jawo ido, na sani, amma wannan gawar ɗan wani ce. A Amurka, jihar New York ta yi doka a 1977 don hana mai laifi cin kuɗin labarin laifinsa. Kotun ƙolin ƙasar ta soke ta a 1991 saboda ta yi faɗi da yawa, amma tambayar da ta haifar da dokar tana nan: kuɗin da aka samu daga musibar wani, wa ke da rabo a ciki? Shawarata ga marubucinmu ita ce ya ware wani kaso ya kai wa marayun da abin ya bari, ya kai a ɓoye, kada ya mai da shi wani tallan.

Bayan ranar ƙaddamarwa sai ainihin kasuwa. Masu sayar da littattafai na Sabon Garin Kano sun ragu a kan yadda suke a zamanin da littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke tashe, mai karatu ya koma waya. Don haka a yi bugu kaɗan na takarda don makarantu da ɗakunan karatu da lauyoyi, a nemi lambar ISBN daga ɗakin karatu na ƙasa, a kai kwafin da doka ta ce a ajiye a can. Sauran kuwa a bi mutane inda suke: a karanta babi ɗaya a rediyo, a naɗi murya don waɗanda ba sa karatun boko, a amsa tambayoyin masu sauraro kai-tsaye. In wani ya bugo waya ya ce ranar da ka rubuta ba ita ba ce, ko sunan ƙauyen ba haka yake ba, ka karɓi lambarsa, ka je ka same shi, ka gyara a bugu na biyu.

Lokacinmu ya ƙare a nan. Wanda ke da tambaya, ko yake da rubutun da ya fara yana son a duba masa, ya kawo ofishin wannan tasha a rubuce da sunan shirin.